Zuwa ga Ummi, kafin tafiyar Jeneba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ummi, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya ke da maigidanki, ina shaida miki cewa mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ƙafar Babanku ta yi sauƙi har ya koma zuwa masallaci da kansa, Abba kuma ya gama jarrabawa yana gida. Na zaɓi in rubuto miki a takarda ne saboda na san halina kuma na san naki. Idan na kira ki a waya, da na fara magana za ki ce "Mama ba komai wallahi," ni kuma nauyin baki ya kama ni in koma tambayar sanyin Madrid, mu yi sallama ban faɗi abin da ke cin raina ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce surukarki ta zo duba Babanku. Da na rako ta zaure sai ta kama hannuna tana murmushi ta yi mini barka, a zatonta na riga ta sani. Na amsa mata kamar na sani, domin ba na so ta gane cewa labarin ya isa gidansu bai iso namu ba. Ban riƙe ki da wannan ba, kunya ce, kuma ni na koya miki ita. Na yi wa Allah godiya a zuciyata tun kafin ta saki hannuna. Abin da ta ƙara ne ya tsaya mini a wuya. Ta ce ɗanta ya gaya mata kin hana a sanar da kowa a wurin aikinki sai kin je Jeneba ta ƙasar Suwizalan kin dawo, wai idan suka sani za su hana ki shiga zauren gwaji, kuma kwanakin da aka ware wa ƙungiyarku idan suka wuce sun wuce ke nan. Ita da yabo ta faɗe shi, tana cewa 'yar nan taki akwai himma. Ni kuwa tun daga daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ke ce ta fari, kuma kin san tsakanina da ke akwai maganganun da ba a yi. Ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ko ranar da aka kai ki ɗakinki ban zauna na yi miki doguwar nasiha ba, na bar wa Gwaggonki. Wannan ma a ƙa'ida ita ya kamata ta yi miki. Amma Gwaggonki ba ta yi shekara 27 a ɗakin hoto na asibiti da rigar dalma a kafaɗarta ba, ni na yi, don haka yau zan ajiye kara a gefe in yi magana, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Lokacin da kike neman amincewar Babanku a kan wannan karatu, kin turo mana labarin wata mata 'yar Sifaniya, María José García Borge, kika ce mu duba mu ga inda mace ta kai a kimiyyar nukiliya. Shi labarin ne ya sassauta Babanku, ko da yake ba zai taɓa yarda ya faɗa ba. A makon nan na sa Abba ya sake nemo mini shi, ya zauna yana karanta mini, inda aka rubuta da Sifaniyanci ya juya mini da wayarsa. Na so in gane ko akwai wani abu a rayuwar matar nan da ya sa kika ɗauka cewa abin da kike shirin yi shi ne hanya.

Na gane aikinta daidai gwargwado. Ta yi aikin bincike a cibiyar nazarin tsarin ƙwayoyin zarra ta hukumar binciken kimiyya ta ƙasarsu da ke Madrid, kuma yawancin gwaje-gwajenta a wurin nan ne da za ki, wato ISOLDE, a cikin cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa. Tun 1967 wurin yake aiki. Ana harbo furoton, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke tsakiyar zarra, da ƙarfin gaske a kan wani dunƙulen abu, sau da yawa mai yuraniyom a ciki, wanda aka zafafa har wajen digiri 2000. Ƙwayoyin zarra su farfashe, zafi ya fito da gutsattsarin, a ja su da lantarki, sannan maganaɗisu ya ware su bisa nauyinsu kamar mai bakacen hatsi, a kai irin da ake so gaban na'urorin masu bincike. Na lura da abu guda da ke ba ki taɓa gaya mini ba: dunƙulen nan idan ya gama aiki ba hannun ɗan Adam ke ɗauke shi ba, na'ura ce mai hannun ƙarfe. Waɗanda suka gina wurin sun san abin da suke tsoro, wato hasken nukiliya mai cutarwa da ke fita daga jikinsa.

Cikin abubuwan da matar ta daɗe tana bi akwai litiyom mai lamba 11, kuma na sa Abba ya maimaita mini wannan sashe sau biyu don ya ba ni mamaki. Furoton 3 ne da niyutiron 8, wato abokan zaman furoton a tsakiyar zarra, amma biyu daga cikin niyutiron ɗin ba sa zama a tsakiya tare da 'yan'uwansu, suna kewayawa ne daga nesa kamar yadda wata ke yin sansani, har faɗin wannan 'yar ƙwaya ya kusa kamo na dalma wadda ta ninka ta nauyi kusan sau 19. Kuma duk wannan abin al'ajabi, rabinsa yana ɓacewa cikin lokacin da bai kai kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba. Na ce Allah mai iko. Na fahimci abin da ya ja ki, Ummi, kada ki zaci ban fahimta ba. Wanda ya ga irin wannan da idonsa a allon kwamfuta da ƙarfe uku na dare, ba zai so a ce masa ya koma gida ba.

Amma ni da na saurari tarihin nata, ba muƙamin na riƙe ba, shekarun na ƙirga. Ƙasarsu ta shiga CERN a 1961, ta fita a 1969, ba ta dawo ba sai 1983. Wato shekara 14 masu kimiyyar Sifaniya suna kallon ƙofar daga waje. Ita a shekarun 1980 ta fara zuwa ISOLDE tana ƙaramar mai bincike kamar ke, kuma ba ta zama shugabar sashen binciken wurin ba sai 2012, ta riƙe har 2017, mace ta farko da ta hau kujerar. Kusan shekara 30 ke nan tsakanin shigarta da shugabancinta. Ke kin kalli hotonta a kan kujera, ni na kalli shekaru talatin ɗin. A cikin irin wannan tsawo, gwaji nawa aka ɗage wa mutum, sau nawa injin ya lalace ana tsaka da aiki, sau nawa kwamitin da ke raba lokaci ya ce a dawo baɗi? Ke da bakinki kika gaya mini cewa a 2019 da 2020 an kashe injinan gaba ɗaya don gyara, manya da ƙanana kowa ya zauna ya jira, kuma ba ki ce mini sunan wani ya ɓace saboda haka ba. To ina wata shida ko bakwai za su tsaya a cikin shekara talatin?

Da Abba yake neman labarin sai ya ci karo da na wata wadda ta riga ta, kuma ita ce ta fi zama a raina. Sunanta Piedad de la Cierva, an haife ta a Murcia a 1913. Da ta shiga jami'a mahaifinta bai yarda ta je ita kaɗai ba, sai da aka haɗa ta da wata dattijuwa mai rakiya. Da na ji haka na tuna shekararki ta farko, yadda kika yi fushi da ni mako biyu saboda na ce Abba ya riƙa raka ki tasha. Ta gama digirinta a Valencia a 1932, ta yi digirin digirgir a Madrid, sannan a 1935 ta tafi Copenhagen, cibiyar Niels Bohr, ta yi aiki da George de Hevesy, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel saboda amfani da sinadarai masu fitar da haske wajen bin sawun abin da ke gudana a cikin jiki da sauran abubuwa. Irin aikinsa ne tushen wasu gwaje-gwajen da ake yi wa marasa lafiya har yau. Yarinya 'yar shekara 22 tana tsakiyar waɗanda ke buɗe wannan ilimi tun yana ɗanye, kuma niyyarta ta dawo gida ta kafa shi a ƙasarta.

Ta dawo, sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1936. Maimakon ɗakin gwaji, ofishin jakadancin Norwe ta shiga neman mafaka. Yaƙi ya ƙare a 1939, abin da ta koyo bai samu wurin zama ba. A 1941 ta nemi kujerar farfesa, ta shiga jarrabawar, ba a ba ta ba, kuma ta fita da yaƙinin cewa an riga an gama rabon tun kafin a zauna, ba a kuma shirya ba wa mace ba. Wannan ita ce asara ta gaske, Ummi, ba kwana biyar a Jeneba ba. Duk da haka matar nan ba ta naɗe hannu ba. Ta koma aikin gilashin hangen nesa a ɗakin binciken sojojin ruwa, ta je Amurka ta koyo yadda ake narka shi, ta dawo ta jagoranci yin sa a ƙasarsu tare da wasu mata da ta horar. Daga baya ta duba ɓuntun shinkafa, wannan dai da ake zubarwa a bayan injin casa a Kura, ta yi bulo mai jure wutar tanderu da tokarsa. Ta rayu har 2007, tana da shekara 94. Yaƙi ya katse ta, son kai ya katse ta, ta sake tashi har sau biyu. Ke kuwa ba yaƙi, ba wanda ya rufe miki ƙofa, kyauta ce Allah ya ba ki, kina ɓoye ta kamar abin kunya don kada a ɗage miki awo.

Ki bar ni in faɗa miki kai tsaye, abin da kike shirin yi ba himma ba ne, ganganci ne, kuma ba da ranki kaɗai kike yin sa ba. Kin fi ni ilimin wannan fanni nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar a bayyane take a littattafanku. Ma'aikaci an yi masa iyaka da milisibat 20 a shekara, shi milisibat ma'aunin hasken nukiliyar da jiki ya sha ne. Mutumin gari milisibat 1. Abin da ke ciki kuwa ba a lissafa shi ma'aikaci, ana lissafa shi kamar mutumin gari ne, kada ya wuce milisibat 1 a sauran watannin. Amma dokar Turai ta ɗora wannan kariya a kan sharaɗi guda: tana fara aiki ne daga ranar da mace ta sanar da masu wurin. Muddin kin yi shiru, a takardunsu ke kaɗai ce, kuma da ma'aunin babba za su ci gaba da auna ki. Bajon awon hasken da ke maƙale a ƙirjinki ba ya tare komai, shaida kawai yake bayarwa bayan abin ya riga ya wuce. Kuma idan lissafin surukarki daidai ne, ranakun tafiyarki za su faɗa ne tsakanin mako na 8 da na 15, lokacin da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa, wanda binciken da aka yi a kan 'ya'yan da ke ciki ranar da aka jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki ya nuna shi ne mafi rauni.

Na san amsar da za ki ba ni, har ina jin muryarki. Za ki ce abin da waɗancan suka sha ya ninka na zaurenku sau ɗaruruwa, cewa yawancin masu aiki a irin wurin nan ba sa ɗaukar abin kirki a shekara, cewa ƙasa da sama ma suna ba kowane ɗan Adam wajen milisibat 2 da ɗoriya ko yana kwance a ɗakinsa. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba, kuma ba zan tsorata ki da ƙarya ba. Amma wannan lissafi na ranar da komai ya tafi daidai ne. Ni na yi aikin dare, na san abin da ƙarfe uku ke yi wa hankalin mutum. Na san yadda ake cewa bari in miƙa hannu in gyara da sauri, ba sai na ɗauko abin kamawa ba. A hoton da kika turo wa Abba daga ɗakin gwajinku na ga tubalan dalma jere a bayanki, kowane ɗaya ya haura kilo 11, kuma na san ba wani ne yake jera muku su ba. Na ga tulun iskar nan mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili da kuke ɗura wa na'urorin awo. Kin gaya mini da kanki cewa ƙananan sinadaran da ake daidaita na'ura da su, ɗalibai ne ke ɗauko su su ajiye. Wanda ya san halin da kike ciki zai ce ke matsa, ni zan yi. Wanda bai sani ba zai miƙo miki, ke kuma ki karɓa don kada a gane. Marie Curie, shahararriyar masaniyar nan, ta fi kowa sanin radiyom mai fitar da irin wannan haske a zamaninta, ciwon jini ya kashe ta a 1934, ya kuma ɗauki 'yarta Irène a 1956. Daga irin gawarwakinsu aka rubuta dokokin nan da kike neman zagayewa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin sha tambaya tun kina ƙarama me ya sa shekara shida ne tsakaninki da Abba, a ce miki haka Allah ya so. Haka ɗin ne. Amma kin tuna ciwon da na yi a wancan garin, shekarar da aka kai ki wajen Hajiya kika yi wata biyu? A shekarar an ce za a tura mutum ɗaya daga sashenmu kwas, mu uku ne, ni kaɗai ce mace, kuma na san da zarar an ji halin da nake ciki za a tsallake sunana. Sai na yi shiru. Na ci gaba da tura injin hoto zuwa ɗakunan marasa lafiya, na ci gaba da riƙe yaran da suka ƙi tsayawa idan uwar ta tsorata ta fita. Rigar dalmar da muke da ita ta tsage a wajen ƙugu, kowa ya sani, mukan juya tsagar baya mu ci gaba. Bajon namu na fim ne, a tattara a aika, wani lokaci wata huɗu ba a dawo da sakamako ba. Na riƙa ɗaura zane sama-sama ina sa babbar riga. A wata na biyar, ranar wata Talata, ina tsaye ina wanke fim a ɗakin duhu na ji abin ya zo. Namiji ne. Babanku ne ya naɗe shi a ƙyalle ya fita da shi shi da maƙwabcinmu, ni ban gan shi ba.

Likitan da ya duba ni ya ce ba hasken ba ne, abin da na ɗauka bai kai ya yi haka ba, kuma da na ƙara karatu na ga mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mata nawa ne suke ɓari ba su taɓa ganin injin hoto ba? Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma shekara talatin ke nan, duk ranar da na kasa barci sai na koma ina ƙirga yaran da na riƙe a watannin nan, ina auna taku nawa ne tsakanina da injin. Da na faɗa tun farko aka ɗauke ni daga ɗakin, sannan abin ya faru, da na yi kuka na share hawaye na bar wa Allah. Shirun da na yi shi ne ya hana ni wannan hutun. Na tafi kwas ɗin, na ci, takardar shaidar tana ƙasan akwatin ƙarfen nan da kika sani, ban taɓa sa ta a firam ba kuma ba zan sa ba. Wannan lissafin nake tsoron ki gada, Ummi. Ko da kin je kin dawo lafiya, ko da an haihu lafiya, duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ko ya yi jinkirin magana, zuciyarki za ta koma zauren nan tana tambayar ki, kuma ba ki da takardar da za ki nuna mata.

Ƙasar da kike zaune ma ta ɗanɗana wannan. A watan Nuwamba na 1970, ruwa mai guba ya tsiyaye daga cibiyar nukiliya ta gwamnati a nan cikin Madrid ɗinku, ya bi magudana ya shiga kogin Manzanares, ya wuce Jarama har Tajo, inda manoma ke ban-ruwan kayan lambu. Gwamnatin Franco, mai mulkin ƙasar a lokacin, ta rufe bakinta, mutane suka ci abin da suka ci, cikakken bayanin bai fito ba sai bayan shekaru masu yawa. Waɗanda suka yi shirun nan masu ilimi ne, kuma na tabbata kowannensu ya gaya wa kansa cewa abin kaɗan ne, ba sai an tayar da hankali ba. Duk wanda zai yi aiki da abin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amanarsa ita ce faɗin gaskiya da wuri. Idan kika fara aikinki da ɓoye wa jami'in kariya abin da ya fi komai muhimmanci a jikinki, wace irin ma'aikaciya za ki zama ranar da aka ba ki amanar wasu?

Kada ki karanta wannan ki ce Mama ta koma layin masu cewa ki dawo gida ki zauna. Kin san wanda ya tsaya a tsakar gidan nan ranar da Kawunku ya zo da maganarsa, kin san kuma abin da na sayar shekarar da kika shiga digiri na biyu. Ranar da kika fara shiga ɗakin injin nukiliyar nan na Zariya, ɗan ƙarami mai kilowat 30 da aka kunna a 2004, kika dawo kina ba ni labari ko mayafi ba ki cire ba, ni na fi ki murna, don na ga kin taka inda ni ban kai ba. Har gobe ina so in ga sunanki a inda na matar nan yake. Idan na yi miki tsauri a baya, har kika ga kamar ban yarda da ke ba, to ga dalilin yau kin ji. Ban iya nuna so da baki ba, haka aka rene ni, abin da na iya shi ne tsaro.

Maigidanki kuma ki gaya masa ina gaishe shi, kuma ban ji daɗi ba. Yaron kirki ne, na san don kada ya ɓata miki rai ya biye miki, amma akwai wurin da miji ya kamata ya ce a'a ko za a kwana ba a yi magana ba. Da ya iya kai maganar wajen mahaifiyarsa, ai ya san tana damun sa.

Ga abin da nake so ki yi. Kafin ki sayi tikiti, ki rubuta wa shugaban ƙungiyarku da jami'in kula da kariya, a rubuce ba da baki ba, da kwanan wata a kai, ki ajiye kwafi. Ki je wajen likitan ma'aikata ki bar shi ya yanke abin da za ki yi da wanda ba za ki yi ba. Mai yiwuwa ma ba za su hana ki tafiyar ba. Gwajin ai ba a hannu yake ƙarewa ba, bayanan kwamfuta suke shiga, kuma ke da kanki kin ce watannin da ake yi ana tace su sun fi kwanakin awon yawa, nan ne kuma ake gane mai kai. Ki zauna inda suka ce ki zauna, wani ya ɗauki tubalan, wani ya ɗura iskar, ke ki riƙe lissafin. Idan kuma wani ya canza miki fuska saboda wannan, ko ya nemi cire sunanki daga aikin da kika yi shekara biyu kina shiryawa, to a nan ne za ki nuna taurin kan da na san ki da shi, doka tana bayanki, ni ma ina bayanki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, nan da wata biyu rigar sanyi ma ba za ta rufa miki ba, gara su ji daga bakinki yanzu.

Babanku bai sani ba tukuna. Na bar miki ke da maigidanki ku gaya masa yadda ya dace, amma ba zan iya riƙe shi fiye da Juma'a mai zuwa ba, don ya fara tambayata me ke hana ni barci. Akwai mai tahowa wajenku ƙarshen wata, na haɗa miki kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, da tsamiya saboda na san yanzu bakinki zai riƙa neman tsami. Ki rage shayin nan mai ƙarfi da kike sha da dare, ki riƙa cin abinci kafin ki fita ko ba kya so. Ina yi miki addu'a a kowace sujada, Allah ya raba ku lafiya, ya sa mai albarka ne.

Idan kin miƙa takardar, ki ɗauki hotonta ki turo wa Abba ya nuna mini. Ba sai kin ce komai a kai ba, ni ma ba zan sake tayar da maganar ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki.